Maigidana ya cika mana gida da guza, in sa musu guba ko in yi yaji?

Saƙon wannan makon daga wata baiwar Allah yake, daga wani ƙauye a ƙasar Auyo can bakin fadama. Da murya ta turo shi ta WhatsApp har kashi huɗu, tana yi tana kuka wani wajen kuma ita kanta dariya ta kama ta, toh na taƙaita shi na cire duk abin da zai sa a gane ta. Ga abin da ta ce:

"Anti dan Allah ki ba ni shawara kaina ya kulle. Shekararmu shida da aure, yara biyu, namiji ɗan shekara huɗu sai mace mai rarrafe. Maigidana noman shinkafa yake kuma yana da shagon cajin waya, mutumin kirki ne wallahi bai rage ni da komai ba. Daminar bara waccan yara suka ciro ɗan guza a cikin gura, ya saya a hannunsu wai tausayi ya ba shi za su kashe. Tun daga nan ya shiga kallon bidiyon Turawa masu kiwonsu a TikTok da YouTube. Yanzu uku ne, guza biyu da damo ɗaya, a cikin tsohon tankin ruwa na ƙarfe bayan turken awaki ya rufe saman da waya. Babban ya kai tsawon taɓarya. Sau biyu yana fita, na farko ya shanye min ƙwan zabi ya haɗiye 'yan tsaki uku, na biyu a gindin randa na gan shi, ya tsula wa yarona jela a ƙafa sai da wajen ya tashi. Satin da ya wuce ya ciji maigidan a babban yatsa jini ya ƙi tsayawa, ya zuba toka ya ɗaure da tsumma, har yanzu a kumbure yake. A gari an fara cewa tsafin kuɗi yake, mata sun daina aiko yara sayen awarata. In na yi magana sai ya ce ban waye ba, wai akwai wani a intanet da zai saya da dala. Wata ƙawata ta ce in sa musu shinkafar ɓera a nama kowa ya huta, yayata kuma ta ce in tattaro yarana in taho gida. Wanne zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya ba maigidan lafiya.

Kafin mu je ko'ina, maganar shinkafar ɓeran nan ki ajiye ta, ki ajiye ta nesa, kuma ƙawar nan taki ki gode mata kawai kar ki sake kai mata zancen. Guza ba ya cin guba ya faɗi nan take kamar yadda take zato, zai iya amayar da naman, kajinki su bi su tsattsage, ke kuma ga mai rarrafe da duk abin da hannunta ya taɓa baki yake zuwa. In ma ya mutu aka jefar a juji, ke kin fi ni sanin a ƙauyukanmu akwai masu cin guza, yara su tsinta su babbake su ci, wa ya kashe 'ya'yan mutane? Sannan abin da ƙawar taki ba ta hango ba, ranar da maigidanki ya gane ke kika yi, kuma zai gane, ba guzan zai tuna ba, abin da zai tsaya masa a rai shi ne matar da ke dafa masa tuwo ta iya sa guba a nama ta yi shiru. Wannan tabon ba ya goguwa. Kar ki sayi wannan da kuɗinki.

Toh yanzu mu zo kan dabbar, dan na lura ke da shi duk kuna ɗaukar halin guza da damo ɗaya ne, kuma nan ne kuskuren ya fara.

Ni 'yar masunta ce, a bakin kogin Haɗeja na tashi, na san guza tun ban san karatun allo ba. Sau nawa Baba zai je ɗaga gura da sassafe ya tarar guza ya riga shi, ya shiga ya cinye kifin ya kasa fita, yana ciki yana huci kamar an sa ƙarfe mai zafi a ruwa. Baba mutum ne da yake kama tarwaɗa da hannu yana hira, amma ban taɓa ganin ya zura hannu cikin gurar da guza yake ba, sai dai ya nemo sanda mai baki biyu ya danne wuyan. Wani yayana ya taɓa yin gardama yana ɗan shekara goma sha, ya kamo wani ta tsakiya wai zai nuna mana jarumta, kafin ka ce kwabo ya sha jela a ƙwauri, ya sha yakushi a hannu tun daga gwiwa har wuyan hannu, sannan abin ya sako masa wani kashi mai wari a riga, dan haka suke in an kama su. Shatar jelar nan ta fi sati a ƙafarsa kamar an zane shi da dorina. Har yau in muna tsokanarsa sai mu ce ina abokinka.

Hausawa da suka ce damo sarkin haƙuri, damo suka ce, ba su ce guza ba. Damo na tudu ne, gajere mai kauri da guntun kai, da wuya ya wuce mita 1, abincinsa ƙadandoniya da gyare da fara da dodon koɗi da kunama, in rani ya yi sai ya shige rami ko kogon bishiya ya yi watanni bai ci komai ba yana rayuwa da kitsen da ya tara da damina. In ka tsokane shi ya kumbura ya yi huci, wani lokacin ma ya yi lamo kamar ya mutu. Shi ma yana cizo fa, amma sai an kai shi bango. Guza kuwa na ruwa ne, kuma duk Afirka babu ƙadangaren da ya kai shi tsawo, babba yana kai mita 2 har ya ɗan gota. Kin ga kenan wanda kike cewa ya kai taɓarya bai gama girma ba. Yana iyo, yana nutso ya daɗe, yana hawa bishiya, yana haƙa rami, kuma ba ya zaɓen abinci, kifi, kwaɗo, ƙaguwa, ɓera, tsuntsu, mushe, har ƙwan kada yake tonewa ya sha in uwar ta ba da baya. Dabbar da ke satar ƙwan kada ce aka ajiye kusa da akurkin zabinki aka rufe da waya. Kuma in ana ciyar da shi zai iya shekara goma zuwa sama a raye, wato 'yarki mai rarrafen nan sai ta shiga sakandare yana nan.

Wani abu kuma, haɗa su ukun nan a tanki ɗaya ganganci ne ko a wajen masu kiwon. Babban guza yana cin ƙarami. Wata rana maigidan zai leƙa da safe ya ƙirga biyu.

Ba na so kuma in tsorata ki fiye da kima. Guza ba ya farautar mutum, in ya ga hanya gudu yake, ba irin ƙaton nan na tsibiran Indunusiya ba ne da ake kira Komodo mai kai mita 3 wanda yake kayar da barewa. Danginsu ɗaya dai. Matsalar ita ce a tsakar gida babu hanyar gudun, ko'ina katanga, toh in yaro ya tare shi a gindin randa me ya rage masa in ban da jela da haƙori. Jelar da ta sami yaronki a ƙafa, a tsayin mai rarrafe fuska ce da ido. Wannan kaɗai nake so ki riƙe in kin zo yi masa magana.

Yatsan maigidan kuma ba abin wasa ba ne. Cizon guza ba kamar na kare ba ne da zai cafka ya saki, shi in ya kama riƙewa yake yana girgiza kai, kuma bakin da ke cin mushe da ruɓaɓɓen kifi kin san abin da ke cikinsa. Jinin da kika ce ya ƙi tsayawa ma akwai dalili, masu bincike sun gano dangin guza suna da wasu 'yan ƙulli a muƙamuƙin ƙasa masu fitar da wani abu mai kama da dafi da ke hana jini saurin daskarewa, a 2009 aka nuna haka ƙarara a jikin Komodo. Ba dafin kububuwa ba ne da za a ce a nemo allurar maciji, abin tsoron shi ne ciwon ya ruɓe. Toka da tsumma ba magani ba ne, ƙara wa ciwon datti ne. Abin da ya kamata a yi tun ranar shi ne a wanke da sabulu da ruwa mai yawa a daɗe ana wankewa, sannan a tafi asibiti. Yanzu da ya yi sati a kumbure, ya je a duba, a yi masa allurar tetanus, ta ciwon nan mai sandarar da jiki ya ɗaure muƙamuƙi, a rubuta masa maganin ƙwayoyin cuta in ya kama, ba ya tsaya a kemis ya ce a haɗa masa na ɗari biyar ba. In kin ga jan yana hawa hannu, ko ruwa na fita mai wari, ko zazzaɓi ya rufe shi, ranar za a tafi ko da dare ne. Manomi ne, da hannun nan yake ci da ku.

Amma kin san abin da ya fi damuna a duk saƙonki? Ba cizon ba ne, ba jelar ba ce. Kashin ne. Ba ki ma ambace shi ba, kuma shi ne wanda yake shiga ɗakinki kullum ba tare da guzan ya fito daga tanki ba. Dabbobi masu jan ciki, guza ne, damo ne, kunkuru ne, maciji ne, yawancinsu suna ɗauke da wata ƙwayar cuta a hanjinsu da ake kira salmonela, su ba ta yi musu komai, lafiyarsu ƙalau, amma tana fita a kashinsu ta zauna a fatarsu da ruwan da suke kwanciya a ciki. 'Yar uwar ƙwayar taifod ce, ba ita ba ce dai. Babba in ya kamu gudawa ne da ciwon ciki da zazzaɓi na 'yan kwanaki ya miƙe, jariri kuwa gudawar kan ƙarar masa da ruwan jiki cikin kwana ɗaya biyu, wani lokacin ma ta shiga jini. Shi ya sa a Amurka, can inda masu bidiyon suke, hukumar lafiyarsu take cewa gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5 kar a ajiye irin waɗannan dabbobi kwata-kwata. Ke naki biyu ne kuma duk ƙasa da biyar.

Yanzu ki zauna ki bi hanyar da idonki. Da wane bokiti yake canza musu ruwa? Ina yake zubar da tsohon ruwan, ba a tsakar gidan da yarinyar ke rarrafe ba? In ya gama da su ya shigo, yana wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauke ta ya cilla sama, ko kafin ya sa moɗa a randa? Ƙudan da ke sauka a tankin, ina suke zuwa in kin baza awara? Ina faɗa miki wannan ne ba dan ki ji ƙyanƙyamin mijinki ba, sai dan wannan ne ɓangaren da za ki iya gyarawa yau ɗin nan ba sai kin jira ya yarda da komai ba. Bokitinsu daban, tsintsiyarsu daban, ruwan a kai bayan gida a zuba a rami, sabulu a ajiye a bakin wajen, yara kar su kusanci tankin ko yana nan ko ba ya nan, saman kuma a ɗora masa abu mai nauyi a sa kwaɗo, dan guza ba wawa ba ne, in ya gano inda wayar ta yi laushi kullum nan zai dinga turawa. Randar da kika gan shi a gindinta ma a juye ta a wanke.

Sai maganar wayewa. Ni ma na kalli irin bidiyon nan, Bature ya ɗora ƙaton abu a kafaɗa yana shafa shi kamar mage. Abin da ba sa nunawa shi ne ɗakin da suka ware masa guda sukutum, da kwamin ruwa da injin tace shi, da fitilu masu tsada, da likitan dabbobi na musamman, da tabon da ke hannayensu. Kuma su kansu masu kiwon a can, in ka tambaye su wane ne ba a ba sabon shiga shawarar ya fara da shi, guzan nan namu na Afirka yana sahun gaba, saboda ya fi yawancinsu zafin rai, da yawa har su mutu ba sa sabawa da hannu. A jihar Fulorida mutane suka dinga saya yana ɗan ƙarami mai kyan zane, in ya girma ya gagare su sai su sake shi, har ya hayayyafa a magudanan ruwan wani gari da ake kira Kef Koral tun wajen 1990, ya zame musu annoba, a 2021 jihar ta sa shi cikin dabbobin da aka hana mutum ya saya ya ajiye a gida. A 2002 kuma a jihar Delawaya aka buɗe ɗakin wani mutum da aka kwana biyu ba a gani ba, aka tarar da gawarsa, guzansa bakwai da yake sake da su a ɗakin suna ci. Ko mutuwarsa ya yi ko me, abin da aka tarar kenan. Wannan kar ki kai masa a matsayin gori, na faɗa ne dan ki san in ya ce ba ki waye ba, waɗanda yake koyi da su ɗin ma sun riga sun ja da baya.

Mai dalar nan kuwa, hmm. Ƙanwata guza ba abu ne mai wuyar samu a kasuwar Turai ba, 'yan ƙanana ake fitarwa da yawa daga Gana da Togo da Binin, da arha ake sayar da su, babu mai hankalin da zai biyo wani ƙauye a Jigawa ya ba da dala a kan babban guza mai cizo. Abin da na fi zato, in an matsa sai ya ce a turo kuɗin takarda ko kuɗin jirgi tukunna, daga nan lambar ta daina shiga. In ma da gaske yake, toh ya fi muni, dan fitar da guza ko damo daga ƙasa ba kamar aika kilishi ba ne. Akwai yarjejeniyar duniya da ake kira CITES da aka sa wa hannu a 1973, Najeriya na ciki, kuma duk dangin guza suna cikin jerinta, ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izini daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. A cikin gida ma akwai dokar 1985 ta kare dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara tarar, kuma guza da damo suna cikin waɗanda ta ambata. Na sani, za ki ce ai kullum ana kamawa ana ci, ana jeme fatar a yi jaka, masu goge ma da fatar guza suke rufe ƙoƙon, ba wanda aka kama. Haka ne, amma wanda ya ɗauki bidiyon kansa ya sa a intanet yana neman mai saye daga waje, shi ya kai kansa.

Akwai kuma haƙƙin dabbar, kuma ina ganin ta nan za ki fi samunsa, tunda kin ce tausayi ne ya sa ya sayi na farkon. Na yarda da wannan, mutumin da ya ga yara za su kashe ɗan abu ya ciro kuɗinsa ya fanshe shi ba mugu ba ne. Amma tankin ƙarfe? A watan Afrilu da Mayu da zafin ƙasarmu ke haura digiri 40, cikin tankin nan tanda ce, kuma su ba sa gumi, jikinsu da yanayi yake tafiya, a daji in rana ta yi yawa ruwa yake faɗawa ko rami. Da hunturu kuma ƙarfen ya ɗau sanyi ba inda zai ɓuya. Dabbar da ta saba yawo bakin kogi tana iyo tana hawa bishiya an sa ta inda ko miƙewa sosai ba ta yi, in kin duba hancinsa ina kyautata zaton za ki ga ya goge ya yi ja saboda turin waya. In kuma tsokar nama zalla yake ba su ba ƙashi ba ɓawo, ƙashinsu laushi yake yi, damon kuwa da aka halitta da cin ƙwari da azumin rani, in aka dinga ɗura masa nama shekara zagaye kitse ne zai kashe shi. Ki tuna masa hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Zai ce ai shi yana ciyarwa. Toh ciyarwa daban, gasa su a tanki daban.

In ya kawo miki zancen ai damo halal ne an ci a gaban Annabi (SAW), wannan maganar ci ce ba ta kiwo ba, kuma dabbar da ke hadisin, wadda Khalid bin Walid ya ci, Larabawa dabbu suke ce mata, wani ƙadangaren sahara ne mai jela mai ƙaya-ƙaya da ke cin ganye, malamanmu ne suka fassara da damo dan shi muka sani. Wannan dai a bar wa malamai, na faɗa ne kawai dan kar a rufe miki baki da shi.

Zancen tsafi kuwa kar ki tsaya rantse-rantse a gidan biki ko wajen nika, wanda ya ga dama ya faɗa, duk abin da mutanenmu ba su saba gani ba aljani ne ko asiri. Ko 'yan wasan kura da macizai da suka gada kaka da kakanni ba su tsira ba balle shi. Amma ki faɗa masa cinikinki ya tsaya, ki faɗa masa da lissafi, da kwano nawa na waken suya kike yi a sati yanzu nawa kike yi. Maza da yawa ba sa jin "ana zaginmu", amma suna jin lissafi. Kuma gaskiya matan da suka daina aiko yara, ko da dalilinsu na banza ne, ba su yi asara ba da suka nisanta yaransu da tankin.

Yadda za ki yi maganar. Ba a gaban mutane ba, ba lokacin da ya dawo daga gona a gajiye ba, kuma ba da "ko ni ko su" ba, dan namiji in aka sa shi a wannan kwanar ko ba ya son abin sai ya riƙe shi saboda kar a ce mace ta juya shi. Kar ki ce masa mahaukaci, kar ki ce abin ƙazanta ne, shekara biyu yana hidimarsu yana sonsu, kuma su ma dabbobi ne masu wayo suna gane mai ba su abinci, abin da yake ji ɗin ba ƙarya ba ne. Ki fara da yatsansa, ki sa ruwan ɗumi ki wanke masa da kanki, ki ce Baban wane hannun nan ya hana ni barci. Daga nan ki ɗauko yarinyar ki zaunar a cinyarsa ki nuna masa shatar ƙafar yayanta, ki ce a ina wannan zai same ta. Ki yi shiru ki bar shi ya ba kansa amsa. Abin da kike nema ɗaya ne tak, su bar cikin gidan. Ba ki ce ya daina so ba, ba ki ce ya goge bidiyonsa ba.

Inda za su je, mafi alheri a mai da su inda aka ɗebo su, guzan bakin ruwa nesa da gari da kajin mutane, damon kuma tudu, kuma da damina lokacin da abinci ya wadata. Amma kar ya yi gaban kansa, ya je sakatariyar ƙaramar hukuma ya nemi ma'aikatan gandun daji, su suka san inda ya dace, ga dajin Baturiya nan kusa da ku wajen Kiri Kasamma da aka keɓe dan irin waɗannan halittu, su za su ce a kai can ko a'a. Duk wanda cikin dabbobin aka ga alamar ciwo a jikinsa, ko ya saba da mutane har yana biyo su neman abinci, a tuntuɓi gidan zu na Audu Bako a Kano, a tambaya tukunna ko za su karɓa kafin a ɗauko mota. Ranar ɗaukar kuma manya biyu, buhu mai kauri, a rufe masa kai da tsumma, yara suna gidan maƙwabta, kuma kar a jefa buhun a but ɗin mota cikin rana.

In ya ce shi sam ba zai rabu da su duka ba, toh akwai tsakiya. Yana da gona, ya gina musu waje can da bulo, mai zurfin tushe dan suna haƙa, da inuwa da kwamin ruwa da ƙofa mai kwaɗo, kowanne da ɓangarensa, ya nemi izinin hukuma, ya dinga wanka da canza kaya kafin ya taɓa yara. Ina gaya miki in ya zauna ya yi lissafin bulo da siminti da kifin da babban guza zai ci a shekara goma, da kansa zai ce a kira masu gandun dajin. Yawancin masu wannan sha'awar a nan take sanyi.

Yajin da yayarki ta ce, ban ce ba shi da waje ba, amma ba shi ne farko ba, in kika fita yau zancen ya tashi daga guza ya koma "ta tafi ba izini", dangi su taru a kanki ke, guzan na tankinsa yana shan iska. Ki ba shi magana ta farko ke da shi. In bai ji ba ki je wajen Hajiyarsa ko babban wansa, da ladabi, ba ƙara kika kawo ba, jikokinsu kika kawo, ki nuna musu ƙafar yaron. Tsohuwar da ta ga wannan shatar ba sai kin ƙara komai ba. In an yi duk wannan ya ƙi, kuma abin ya sake fita ko sau ɗaya ne, toh ki gaya masa a gaban Hajiyar cewa za ki kai yaran gidanku ko ɗakinta su zauna har a gyara, wannan ba yaji ba ne, kuma ba malamin da zai ce kin yi laifi.

In yarinyar ta fara gudawa ko zazzaɓi a 'yan kwanakin nan kar ki tsaya cewa haƙori ne, ki fara ba ta ruwan gishiri da sukari ki kai ta asibiti, kuma ki buɗe baki ki gaya wa ma'aikacin lafiyar cewa akwai guza a gidan, kar kunya ta hana ki. Shi kuma maigidan gobe da safe kafin ya buɗe shagon caji, asibiti da yatsan nan. Ki turo min saƙo in ji abin da suka ce.